Tsami da Zaƙi: Tarihin Abin Sha a Ƙasar Ruma da Safana

Gabatarwa

A zangon karatun da ya wuce, ina cikin laluben wani littafi a ɗakin karatu na jami'a, sai hannuna ya faɗa kan wani ƙaton kundi da wani Bature ya wallafa game da giyar inabi. Ni dai Musulmi ne, babu abin da ya haɗa ni da kofin, amma son sani ya sa na zauna na duba shi. Mutumin nan ya kasa ilmin abin shansu kashi uku: yadda ake ɗanɗana shi, da irin abincin da ya dace da shi, da kuma yadda ake ajiye shi. Farar giya kaɗai ya raba ta gida biyu. Akwai wadda suke kira busasshiya, watau wadda zaƙin inabin ya ƙare ƙaf wajen tsimuwa, sai ɗan tsami ya rage. Akwai kuma mai zaƙi, irin wadda ake yi a yankin Bodo na ƙasar Faransa. Busasshiya da kifi take tafiya, mai zaƙi kuwa sai an gama cin abinci. Kwalbar kuma a kwance ake ajiye ta cikin ɗakin ƙarƙashin ƙasa mai duhu, inda sanyi yake wajen digiri 12 ko 13. Har ma ya gargaɗi mai ƙaramin ƙarfi cewa mai araha ba ta jure ajiya, gara a shanye ta cikin shekara ɗaya ko biyu.

Na rufe littafin ina jin wani abu kamar kishi. Ba abin shan ne ya ba ni sha'awa ba, kulawar da suka yi wa nasu ce ta tsaya mini a rai. Nan take na tuna da kakata a wani ƙauye tsakanin Batsari da Ruma, wadda in ta ɗiga nono a harshe za ta gaya maka ko na jiya ne ko na shekaranjiya, ko an tsarma masa ruwa ko ba a tsarma ba. Ashe ita ma tana da waɗannan ilmoman uku, sai dai ba wanda ya rubuta mata su. Hausawa kuwa sun ce kowa ya daka rawar wani, ya rasa turmin daka tasa.

Maƙasudin wannan ɗan rubutu shi ne in bi sawun abin shan mutanenmu na yammacin Katsina tun daga zamanin da har zuwa yau, in kuma nuna wa mai karatu cewa babban abin shanmu, watau fura da nono, bai taɓa tsayuwa da ƙafa ɗaya ba. Rabinsa na manomi ne, rabinsa na makiyayi. Duk ranar da waɗannan biyu suka ɓata, ƙwarya ce take fara ba da labari.

Ƙasar da Mutanenta

Batsari da Safana ƙananan hukumomi ne biyu masu maƙwabtaka a yammacin Jihar Katsina, wadda aka cire daga tsohuwar Jihar Kaduna a shekarar 1987. A tsarin masarauta, hakimin Batsari shi ne Sarkin Ruma, na Safana kuwa Yariman Katsina. Garuruwa irin su Ruma da Wagini suna ɓangaren Batsari, Runka da Zakka kuma suna ɓangaren Safana. A yamma da su duka Dajin Rugu ne ya miƙe har cikin ƙasar Zamfara.

Wannan zama na bakin daji shi ne mabuɗin labarin. Ƙasar jigawa ce mai son gero da maiwa da dawa, damina kuma ba ta wuce wata huɗu zuwa biyar. Dajin kuwa yana da ciyawa da mashaya, saboda haka tun da daɗewa ya zama matattarar Filani da shanunsu. Littafin Tarihin Kano ya nuna cewa Filani sun shigo ƙasar Hausa daga Mali a zamanin Sarkin Kano Yakubu, wanda ya yi sarauta daga 1452 zuwa 1463. Ke nan yau fiye da shekara 500 ana ga gona ga ruga a ƙasashenmu.

Haɗa gero da nono ma ya girmi wannan. Mashahurin matafiyin nan Ibn Baɗuɗa, da ya ratsa ƙasar Mali a shekarun 1352 da 1353, ya ba da labarin wani abin sha da aka ba shi mai suna daƙnu, wanda ruwa ne da dakakken gero, a zuba masa ɗan zuma ko nono. Duk Bahaushen da ya ji wannan siffa ya san ɗan'uwan fura ake nufi.

Tsiro: Inda Kunu da Giya Suka Rabu

Kafin mu shiga zancen fura, ya kamata mu faɗi wata gaskiya da wasunmu ba su son a tuna. Kakanninmu na can baya sun san giya, kuma da hatsin da ke cikin rumbu suke yin ta. Asirinta shi ne tsiro. In aka jiƙa dawa aka bar ta ta tsira, wani sinadari yakan farka a cikin ƙwayar, wanda ke mai da gari ya koma zaƙi. Da irin wannan tsiron ne matan da suke zaƙaƙa kunun zaƙi tun ba a san sukari ba. To, in an sha shi a ranar, kunu ne, halal ne, yaro da babba kowa ya sha. In kuwa aka dafa aka bar shi ya kwana biyu ko uku yana tsimuwa, sai zaƙin ya juye ya zama abin sa maye. Tsakanin kunun zaƙi da burkutu, 'yan kwanaki ne da niyya.

Ko da yake Musulunci ya shiga fadar Katsina tun zamanin Muhammadu Korau a ƙarni na 15, ƙauyuka da yawa sun daɗe a kan al'adar gargajiya, inda giya take da muhimmin matsayi wajen gayya da biki da makoki da tsafi. Wani masani Ba'amurke, Joseph Greenberg, wanda ya zauna cikin Maguzawan ƙasar Kano a 1938 da 1939, ya bayyana irin wannan rayuwa a littafinsa na 1946. A ƙasar Katsina kuwa an fi sanin Maguzawa a kudanci, wajen Malumfashi da Ƙafur.

Jihadin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya fara a 1804 shi ne ya sauya matsayin giya a idon hukuma. A cikin littafinsa Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa laifuffukan sarakunan Haɓe, a ciki har da cewa suna ci suna shan abin da ransu ya so ba tare da duban halal ko haram ba. Da Katsina ta faɗa hannun masu jihadi a 1807, Malam Ummarun Dallaje ya zama sarki, sai giya ta fita daga fada da kasuwa ta koma gidajen Maguzawa da ɓoyayyun wurare. Daga nan fura ta zama ita ce abin tarbar baƙo, ita ce ta masu gayya, ita ce sadaka a ƙofar masallaci.

Amma kada mai karatu ya zaci an sami kwanciyar hankali ne. Sarakunan Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi, suka haɗa kai da Gobirawa, suka yi ta kawo hari har ƙarshen ƙarnin. Ƙasar Ruma tana bakin iyaka, ita ce garkuwa, shi ya sa har yau ake ba da labarin mayaƙa irin su Ɗanwaire. Baturen Jamus ɗin nan Dakta Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya bar Katsina cikin watan Maris na 1853 zuwa Sakkwato, ya bi ta Kuraye da Kurfi da Zakka ya nufi Zurmi, kuma ya nuna cewa ayarinsu cikin fargabar rundunar Gobirawa ya yi tafiyar. A wancan zamani manomi da makiyayi ganuwa ɗaya suke gudu su shiga, domin maharin bai bambanta dami da saniya ba.

Furfure

Akwai wata tsohuwar kalma da ta kusa ɓacewa daga bakin samarin yau, ita ce furfure. Ma'anarta musayar nono da hatsi ba tare da kuɗi ya shiga tsakani ba. Da hantsi Bafillatana za ta shigo gari da ƙwarya a kai, ta shiga gidan da ta saba, ta auna nono, a auna mata gero ko dawa ko dusa. Ita ta koma ruga da abin tuwo, matar gida ta sami abin dama fura.

Cinikin bai tsaya kan mata ba. In an gama girbi, manomi da kansa yake zuwa ya roƙi Ardo a sauke masa shanu a gona, su ci kara da harawa, su bar masa taki. Wani har dami yake bayarwa don a daɗe a gonarsa. Da damina kuwa akwai burtali da aka ware wa shanu don kada su shiga shuka, in kuma an yi ɓarna, mai gari da Ardo su zauna su yanke diyya. Ba na cewa ba a faɗa, harshe da haƙori ma sukan saɓa. Abin da nake cewa shi ne kowane ɓangare ya san abincinsa na rana yana hannun ɗayan.

Kakata tana da tata Bafillatanar, wadda mu yara muke kira Goggo, ita kuma tana ce wa kakata Yaya. Na sha jin su suna ciniki kamar za su yi faɗa.

"Haba Goggo, yau kuma ludayin naki ya ƙanƙance?"

"Yaya, ludayi yana nan yadda yake, shanu ne ba su ƙoshi ba. Ke ma geron naki bana duk ƙaiƙayi ne."

Su gama, su zauna su ci goro. Ranar sunan ƙanena, Goggo ce ta kawo man shanun da aka yi abinci da shi, ba ta karɓi ko anini ba.

Ɗanɗano

Yanzu bari mu ɗauki kashin nan uku na Bature mu auna su da namu. Na farko ɗanɗano. Bahaushe bai tsaya ga cewa nono kawai ba, ya ba kowane mataki suna. Wanda aka tatso yanzu madara ne. In aka dafa aka sa masa ɗan ragowar na jiya ya kwana ya daskare da mansa a ciki, ya zama kindirmo. In aka kaɗa aka cire man, abin da ya rage shi ne tsala, ya fi ruwa ya fi tsami, kuma shi ne na talaka domin ya fi araha. Mai saye takan duba kauri da ido, ta shinshina, sa'an nan ta ɗiga a harshe. Tsami mai daɗi daban, tsamin da ya wuce ƙa'ida har ya fara ɗaci daban. Da rani in nono ya yi wuya, wasu masu sayarwa sukan ƙara masa ruwa da garin 'ya'yan kuka don ya yi kauri, amma harshen tsohuwa ba ya ɓata wajen gane wannan.

Ita ma furar, wadda mu Katsinawa muke cewa hura, curinta kuma dawo, tana da nata hukunci. A surfa gero, a wanke, a daka da citta da kanumfari da masoro da ɗan barkono, a cura, a jefa cikin tafasasshen ruwa, a kwashe a kirɓa a turmi har ta yi danƙo, sa'an nan a mulmula a barbaɗe da gari. Furar da ba ta dahu ba takan yi gari-gari a baki, wadda ba ta kirɓu ba takan yi gudaji, wadda yaji ya yi wa yawa kuma takan kashe ɗanɗanon nono. Da wannan ake gane hannun mace a gidan miji.

Abin sha'awa shi ne ilmin kimiyya ya zo ya gaskata tsofaffinmu. Masanin nan na Faransa, Louis Pasteur, wanda ya wallafa bincikensa kan giyar inabi a 1866, ya riga ya fitar da wata takarda a 1857 kan irin tsamin da ke cikin nono. Ya nuna cewa wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin zaƙin su mai da shi tsami, wasu irinsu kuma su mai da zaƙi barasa. Ashe ragowar nonon jiya da Goggo take zubawa cikin na yau, iri ne take shukawa, kamar yadda manomi yake ajiye irin gero. Tsamin nan kuma shi ke hana nonon saurin lalacewa a ƙasar da zafin bazara yake haura digiri 40.

Haɗi

Na biyu shi ne sanin abin da ya dace da wani. A nan Bahaushe ba abinci kaɗai yake dubawa ba, har da lokaci da halin mai sha. Koko, mai ɗan tsamin gasara, abokinsa ƙosai ne, lokacinsa kuma safiya. Fura ta rana ce, in rana ta take, manomi ya dawo inuwa, domin tana kashe ƙishirwa tana kuma riƙe ciki har la'asar. Kunun tsamiya na shan ruwa ne da azumi, da kuma marar lafiya wanda bakinsa ya ƙi abinci. Kunun kanwa na mai jego ne. Kunun zaƙi na biki da suna ne. Baƙon da ya sauka ba shiri, in ba nono a gida, akan dama masa farau-farau don kada a ba shi ruwa tsura. Matafiyi kuwa dawo yake ƙullawa a jaka, duk rugar da ya tarar ya sayi nono ya dama.

A cikin waɗannan duka ana neman daidaito ne tsakanin tsami da zaƙi. Tsamin yana fitowa daga nono ko tsamiya ko gasara, zaƙin kuma a da daga zuma yake zuwa, ko tsiro, ko maɗin ɗinya, ko garin ɗorawa. Zuma kuwa tana da tsada, ba kullum ake samunta ba, saboda haka furar yawancin mutanen da ba ta da zaƙi ko kaɗan. In da Baturen nan zai ɗanɗana ta, da ya ce busasshiya ce. Har yau akwai dattawa a ƙasarmu da in ka sa musu sukari a fura za su ture ƙwaryar su ce ka mai da ita ta yara.

Ajiya

Na uku shi ne inda muka sha bamban da Turawa ƙwarai. Su abin shan suke ajiyewa ya shekara. Mu kuwa duk abin shanmu ɗan kwana ɗaya ne ko biyu: fura in ta kwana biyu ta yi yami, kunu ya tsinke, ita kanta giyar Maguzawa ba ta jure kwanaki sai ta koma tsami. Abin da za a iya yi kawai shi ne a sanyaya. Randa ta ƙasa, in an girke ta kan jiƙaƙƙen yashi a inuwa, ruwa yakan tsattsafo ta jikinta, iska ta busar da shi, cikinta ya yi sanyi. A gefenta ake ajiye ƙwaryar nono a rufe da faifai. Wannan hikimar ce wani malami daga Jihar Jigawa, Muhammad Bah Abba, ya inganta ya sa tukunya cikin tukunya da yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000.

To ina ɗakin ajiyarmu? Shi ne rumbu. Manomi ba ya sussuke geronsa duka, a dami yake ɗaure shi, ya jera cikin rumbun da aka ɗora kan duwatsu saboda gara da damshi. Geron da ke cikin zangarniyarsa yakan shekara biyu ko uku bai lalace ba. Mai gida na ƙwarai shi ne wanda sabon gero yake tarar da tsoho a rumbunsa. Ajiyar makiyayi kuwa a kan ƙafa huɗu take tafiya.

Tarihi ya nuna abin da ke faruwa in ɗaya daga cikin ajiyar nan biyu ta ƙare. Wajen 1891 annobar bushiya ta ratsa ƙasashen nan ta kashe mafi yawan shanu, Filani da dama suka wayi gari ba ko maraƙi. A 1914 aka yi yunwar da a wurare da yawa ake kira Kakalaba, rumbuna suka zama wayam. Farin 1973 ya taɓa gona da garke gaba ɗaya, bushiya kuma ta sake dawowa a 1983. A kowane karo an sha fura da ruwa, ko nono ba gero. Amma da yake masifar daga sama take, ba daga hannun maƙwabci ba, da ruwa ya sauka sai furfure ya dawo.

Zamanin Turawa da Bayansa

Turawan Ingila sun shiga Katsina a 1903. Game da barasa, sun zo da wata yarjejeniya da ƙasashen Turai suka ƙulla a Burasels a 1890, wadda ta hana shigar da barasar Turai yankunan Afirka da ba su saba da ita ba. Gwamna Lugga ya sa Arewa cikin wannan yanki, shi ya sa kwalaben jin da suka cika kasuwannin Kudu ba su sami gindin zama a nan ba. Dokar laifuffuka ta Jihar Arewa da ta fara aiki a 1960 ta tanadi horo ga Musulmin da ya sha giya, sa'an nan a shekarar 2000 Jihar Katsina ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci.

Abin da ya sauya ƙwaryarmu ba barasa ba ce, sukari ne. Da farko mazarƙwaila ce take zuwa daga ƙasar Zazzau, wajen Maƙarfi, sai sukarin kanti, sai kuma kamfanin Bacita ya fara fitar da na gida a 1964. Cikin ƙarni ɗaya harshen Bahaushe ya karkata daga tsami zuwa zaƙi. Shayi ya shigo da madarar gwangwani, lemon kwalba ya shiga gidan biki ya ture kunun zaƙi. Kuɗi kuma suka maye gurbin furfure.

Gwamnatin Arewa ta lura cewa gonaki suna cinye makiyaya, saboda haka ta yi dokar keɓe wuraren kiwo a 1965. Ɗaya daga cikin wuraren da aka fara gwada wannan tsari a shekarun 1960, da taimakon Amurka, shi ne dajin Ruma da Kukar Jangarai, a nan ƙasarmu, inda aka gina madatsun ruwa don shanu. Sannu a hankali kulawa ta ja baya, madatsu suka cike, jama'a ta ƙaru, gonaki suka shiga burtali da mashaya. Ga takin zamani ya zo, manomi ya ga kamar ba ya bukatar shanun Ardo. Igiyoyin da suka ɗaure mutanen nan biyu suka riƙa tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, ba wanda ya kula.

Ranar da Ƙwarya ta Fashe

Abin da ya biyo baya ba sai na tsawaita ba, domin da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla sun gan shi da idonsu. Ya fara da satar shanu a Dajin Rugu, kuma Filani ne suka fara ɗanɗana ta. Daga nan aka shiga ramuwar gayya tsakanin 'yan bindiga da 'yan sa-kai, aka koma satar mutane don kuɗin fansa. A watan Mayu na 2019 an kashe manoma a 'Yargamji ta ƙasar Batsari. A watan Fabrairu na 2020 an kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Gwamna Aminu Bello Masari ya yi sulhu da 'yan daji a 2019, bai ɗore ba. A 2021 gwamnati ta hana cinikin dabbobi a kasuwannin ƙananan hukumomin bakin daji, ta kuma sa aka yanke layin waya na wani lokaci, Batsari da Safana suna ciki. A 2025 an sake zaman sulhu a waɗannan wurare.

A shekarun nan na ga abin da ban taɓa zato ba. Manomi ya bar gonarsa ta bakin daji ba shuka, wani an ƙone masa rumbu da geron shekara biyu a ciki. Bafillatanar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ta ji tsoron shigowa gari kada a ce 'yar leƙen asiri ce, matar gida kuma ta ji tsoron a gan ta da ita. Jikokin Goggo sun tashi, ba mu san inda suka nufa ba. Da na je gida hutun 2021, aka kawo mini fura da kindirmon da aka haɗa da madarar gari ta cikin buhu, wadda aka yo odarta daga ƙasashen waje. Na sha, na ce wa mahaifiyata, "Inna, ai da daɗi." Ta dube ni ta ce, "Kai dai sha, ɗan nan. Wannan ba ta san saniya ba." A bakin Dajin Rugu aka yi wannan magana.

Kammalawa

Na fara da littafin Bature, bari in ƙare da abin da ya koya mini. Su sun ɗauki abin shansu da daraja, suka rubuta shi, suka kafa dokokin kare gonakin da yake fitowa. Mu kuwa mun ɗauka fura da nono abu ne da ba ya ƙarewa, ba mu lura ba cewa a bayan kowace ƙwarya akwai rumbu, akwai burtali, akwai mashaya, akwai kuma amana tsakanin mata biyu da ba su haɗa harshen uwa ba.

Kirana ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na tarihi, shi ne duk wanda ya je gida hutu ya zauna da tsofaffin gidansu ya rubuta sunayen nono da na kunu da irin gero, da yadda ake furfure, da inda burtalin garinsu ya bi. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma tsofaffin nan ba jiranmu za su yi ba. Malamanmu kuma ina roƙonsu su karɓi irin wannan a matsayin aikin kundin digiri. Masu zaman sulhu su ma, in sun gama zancen bindiga, su tuna da zancen mashaya da kasuwar nono, domin sulhun da zai ɗore shi ne wanda zai sa Bafillatana ta sake shigowa gari da hantsi ba tare da waiwaye ba. Yadda muka dama, haka za mu sha.

Allah ya ba ƙasarmu lafiya, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, amin.